Hular Waya da Taken Yayana

Yayana, wanda muka fito ciki ɗaya, shi ne ya saka babbar riga ya je gaban baƙi ya ce masu ni mahaukaci ne. Ba aike ya yi ba, da ƙafarshi ya taka. Saboda wannan magana tashi aka cire mani hular da nike sakawa, aka ce in koma gida in huta, alhali hutun ne ya kusa kashe ni tun farko. Zan faɗi yadda abin ya faru, don a Dutsin-Ma kowa da irin labarin da yake bayarwa, kuma mafi yawansu a teburin mai shayi suka tsinto shi. Da hagu nike wannan rubutu, wanda ya ga ya karkace ya yi haƙuri ko ya bari.

Mu mutanen Wurma ne, ƙasar Kurfi, kuma gidanmu gidan makaɗan noma ne. Ban taɓa ɓoye wannan ba. Da ganga Baba ya ciyar da mu, da ita ya yi mana sutura. In an kira gayya, wato mai gona ya tara samarin gari su taya shi noma, to kafin a jiƙa geron fura sai an aiko wa Baba goro. Duk manomin da ya isa yana da takenshi, kiɗan da ba a yi wa kowa sai shi. Mutum na can ƙarshen gona, gumi ya rufe mashi ido, da ya ji an juya ganga zuwa takenshi sai ka ga hauya na tashi kamar ba ƙarfe ba. Ba a kiran suna. Ganga ke kira, kuma kowa ya san wa ta kira.

A zamaninmu babu saurayin da ya kai yayana noma a yankin nan. Ko ina fushi da shi ba zan hana shi wannan ba. Dogo ne, ƙirji kamar ƙyauren zaure, in ya kama kuyya a gona sai ya kai ƙarshe ya juyo ya tarar na kusa da shi bai yi rabi ba. Baba da kanshi ya ƙera mashi take, abin da bai yi wa wani ɗa nashi ba. Bugu uku ne masu nauyi, kamar ana dire turmi a ƙasa, sannan ganga ta ɓarke da gudu kamar an juye gyaɗa cikin tasa. In aka zo wurin nan har tsofaffin da ke gindin itace sai sun miƙe.

Daga baya ya aje hauya ya kama awon hatsi. Ya fara da tiya ɗaya a kasuwar Kuki, ya koma Dutsin-Ma, Allah ya buɗa mashi, ya yi sito, ya je Makka ya dawo. Tun daga nan kalmar makaɗi ta zama mashi ƙaya a maƙogwaro. In an tambaye shi asali sai ya ce babanshi manomi ne, ya ja bakinshi ya yi shiru. Ni kuwa ina aji biyu na sakandare Baba ya cire ni, ya ce tunda babban ya ƙi ganga dole wani ya ɗauka, ba za ta mutu a hannunshi ba. Iyakar bokona ke nan. Ina karanta allon hanya, ina rubutu, Turancina kuwa bai wuce na faɗa da direba ba.

Na ɗauki ganga ban yi da-na-sani ba. Zamani ne ya janye mata tabarma. Maganin feshi ya zo, mutum ɗaya da jarka a baya ya gama aikin samarin unguwa. Sannan daji ya lalace. Wa zai tara samari a gona ya buga ganga ya sanar da ɓarayi inda suke? Baba ya rasu, na kwashe iyalina na dawo Dutsin-Ma na kama acaba. Ganga sai jefi-jefi, in wani tsohon manomi na aurar da ɗa ya tuna da ni.

A kan babur ciwon ya same ni, da rana tsaka, na ɗauko wata mata da kajinta. Na ji hannuna na dama ya saki totur kamar ba nawa ba. Allah ya taimaka cikin yashi muka zube, kaji suka watse, matar na zagina, ni kuwa ina son in rama baki ya ƙi. Hawan jini, in ji likita, ya shanye mani ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da kaɗan-kaɗan, ina ja da sanda. Baki ya dawo, sai dai in na gaji yana karkacewa. Hannu ya ƙi. Ga shi nan har yau a kan cinya kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Yayana shi ya ɗauki nauyin asibiti, kuma babu wanda bai ji hakan ba a layin 'yan hatsi.

Wanda bai zauna ba bai san zama ba. Mai ɗakina ta fita tuyar awara ƙofar gida, yara su tafi makaranta, a bar ni da bango. Kiɗa kuma bai bar kaina ba, shi ne azabar. Hannu ya mutu amma kai bai samu labari ba. Ina zaune sai take ya taso mani tun daga farko har ƙarshe, ba ni da inda zan sauke shi.

A wurin gashin ƙashi na haɗu da matar da kowa ke ce wa Dakta. Ba likitar allura ba ce, ta bincike ce. Bahaushiya ce da ta yi karatu mai nisa, ita da abokan aikinta sun zo daga wani gari sun kama hayar gida a bayan tasha na ɗan lokaci. Ta ce suna neman masu irin lalurata su gwada wata na'ura.

Na ce, "Za ta tada hannun?"

Ta ce, "A'a."

A nan ta shiga raina. Duk wanda ya zo mani kafin ita, har masu maganin da ke yawo a mota da lasifika, cewa yake zai tada shi kafin Juma'a.

Ta yi mani bayani yadda zan gane. Ta ce ƙwaƙwalwa na fitar da wata 'yar wuta mai rauni duk lokacin da take aiki, akwai hular da ke ɗaukar wannan daga fatar kai ta kai wa kwamfuta. In mutum ya raya wani sauti a ranshi, bai motsa baki ba bai motsa hannu ba, kwamfutar za ta iya koyon gane shi ta tura wani ɗigo a kan allo zuwa dama. In ya raya wani sautin daban, ɗigon ya yi hagu. Ta ce don waɗanda ciwo ya kulle gaba ɗaya ake yi, ba baki ba hannu, ko za su samu hanyar cewa i ko a'a, ko su nemi ruwa.

Na ce, "To in ina zagin wani a raina fa, za ta kai maku tsegumi?"

Ta yi dariya. "Baba, ba ta jin magana. Abu biyu kawai za ka koya mata, ta riƙa bambanta su."

"Kada ki ce mani Baba, ban kai ba. Ciwo ne ya tsofar da ni."

"To, Malam."

"Shi ma ban kai ba, amma bar shi haka."

Hular kamar tagiyar roba take, duk jikinta ramuka, kowane rami da wayarshi, wayoyin sun taru a ƙeya kamar jelar saniya. Sai an ɗura wani abu mai sanyi mai yauƙi a kowane rami, kamar miyar kuɓewa, don wayar ta kama fata. Ba a kunna janareta, wai yana sa layukan allo rawa, da batirin sola ake aiki. Fanka ma kashewa ake yi, ga shi bazara ce. Mutum ya zauna kamar gunki gumi na bin bayanshi.

Da farko sautinsu suka ba ni. Aka saka mani abin ji a kunne, na ji ƙara biyu, ɗaya siririya kamar kukan sauro, ɗaya mai kauri kamar hon ɗin tirela daga nesa. Aka kashe, aka ce in maimaita su a raina. Na yi, ɗigo ya kama yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya.

"Malam, kada ka cije haƙora."

Na saki.

"Kana ƙifta ido da yawa."

Na kafe ido.

"Ka haɗiye miyau yanzu, ya ɓata mana."

Na ce, "Dakta, mutuwa ce kawai ta rage ban yi maki ba."

Haka muka yi ta yi, makonni. Akwai wani tsohon malamin firamare da ke zuwa bayana, shi ɗigonshi na bin umarni kamar ɗan makaranta, ni nawa kamar ɗan tasha. Abin ya ci mani rai. Ni da na tashi cikin sauti, a ce mai alli ya fi ni? Na ce mata sautin nan nasu ba na kowa ba ne, ba uwa ba uba, in na kama shi sai ya sulɓe. Na ce gobe ba zan dawo ba.

Ta aje abin da ke hannunta ta ce, "To wane sauti ne ba ya sulɓe maka?"

Zaman birni ya koya mani ba kowa ake gaya wa ba. Duk da haka na ce mata ni makaɗi ne, ɗan makaɗi. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta ce in zaɓo kiɗa biyu waɗanda suka fi nisa da juna. Na hagu na ɗauki kiɗan tashi, wanda Baba ke yi in rana ta yi sanyi don a saɓa hauya a nufi gida, kiɗa ne mai jan ƙafa kamar tafiyar raƙumi. Na dama na gwada taken mutane da yawa. Wani ya dushe mani, wani na manta tsakiyarshi. Guda ɗaya ne ke fitowa tas ba gargada, na yayana. Ban zaɓe shi don tsokana ba. Shi na fi ji a duniya, shi ke nan.

Nan ma ba a dace nan take ba. Ta ce, "Malam, kafaɗarka na motsi. Kaɗawa kake yi. Ni ba kaɗawa nike so ba, so nike ka ji."

Wannan ya fi komai wuya. Tun ina saurayi ni ke bugawa wasu su ji, ban san yadda ake zama a saurara ba. Da take ya taso sai kafaɗa ta ɗaga da kanta, har mataccen hannun sai in ji kamar yana neman gula, sandar buga ganga. Ta ce in riƙa gwadawa a gida. Na riƙa zama gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, in rufe ido, ina fama. A nan dabara ta zo mani. Na cire gangar daga kafaɗata a raina na mayar wa Baba. Na tsayar da shi a bakin gona da tsohuwar tagiyarshi, ni na koma gefe na tsaya. Shi ke bugawa, ni ina ji. Kafaɗa ta kwanta.

Ranar da abin ya kama, an saka hoton kofi a dama, hoton gado a hagu. Dakta ta ce in nemi ruwa. Na lumshe ido kaɗan na bar Baba ya dire turmin nan uku, sannan gyaɗa ta zube. Ɗigon ya yi jim, ya girgiza, sai ya kama hanya a hankali kamar hawainiya har ya taɓa kofin. Wata murya daga cikin kwamfutar ta ce, "Ruwa." Abokin aikinta, wani dogo mai tabarau, ya buga tebur. Dakta ta ɗebo ruwa da kanta ta miƙo mani. Ba na jin ƙishi amma na shanye. Tun ranar da na faɗi daga babur ban yi wani abu ya yiwu ba sai ran nan, kuma da kiɗa na yi shi.

Ba kullum kwamfutar ke yi ba, kada wani ya ce na yi ƙari. Ranar da ban yi barci sosai ba, ko muka yi cacar baki da mai ɗakina, sai in kira dama ta yi hagu. Amma tana ƙara ganewa, ni ma ina ƙara ganewa.

Sai Dakta ta ce in kawo gangar. Na kawo, ta sa na buga da hagu, bugu ɗaya mai nauyi a tsakiya, ɗaya marar nauyi a gefe, suka naɗa. Ta ce mataki na gaba, maimakon ɗigo, za su haɗa da lasifika. In na raya na dama ta saki bugu mai nauyi, in na raya na hagu ta saki ɗayan.

Ta ce, "Ba zai zama kiɗa sosai ba fa. Bugu ne ɗai-ɗai, a hankali."

Na ce, "Amma daga kaina zai fito?"

"Daga kanka."

"Kuma na waje zai ji?"

"Zai ji."

Abin da nike jira ke nan. Ba hannu na roƙa ba, na san ya tafi. So nike gangar Baba ta yi ƙara sau ɗaya saboda ni na ce ta yi, wani ya ji da kunnenshi.

Wasu sun ce bakina ne ya ja mani. Ban yarda ba. Mutum ya yi abin kirki sai ya ɓoye kamar ya yi sata? Na ba da labari a teburin mai shayin bakin tasha, yadda ake ba da kowane labari. A wurin akwai wani tsohon ɗan dako mutumin wajenmu, wanda ya yi noma a bayan yayana. Da ya ji na ce taken wane, sai ya aje kofi ya buga shi da yatsu a kan benci, bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Aka kwashe da dariya. Kafin ranar kasuwa ta zagayo duk 'yan dakon layin hatsi sun iya. Alhaji yayana zai wuce, sai wani ya buga a jikin baro, wani ya amsa a gindin tiya.

"Alhaji, an ce kai ke tuƙa kwamfuta zuwa dama!"

"Ranka ya daɗe, a kama mana kuyya ɗaya mu gani mana!"

Yaran da aka haifa jiya suka ji cewa Alhaji ɗan makaɗi ne, kuma ya taɓa noma ba riga. Ga shi lokacin ana maganar ba shi shugabancin 'yan hatsi.

Ya zo gidana da hantsi. Mai ɗakina ta shimfiɗa mashi tabarma, bai zauna ba.

Ya ce, "Ka cire ni daga cikin wannan shirmen."

Na ce, "Yaya, ai ba ka ciki. Kiɗa ne a kaina."

"Takena ne."

"Au, yau ka san naka ne?"

Ya ce in nemi na wani. Na ce na nema bai yi ba, kuma kwamfutar ta riga ta saba da wannan, in na sake sai an koma farko, su kuwa baƙin ba zama suka zo yi ba. Ya ce ni ba ni da abin da zan rasa shi ya sa. Na ce gaskiya ne, saura abu ɗaya, shi ne kake cewa in bari. Ya kaɗa riga ya fita, ko ruwan da aka kawo mashi bai kalla ba.

Ranar da aka ce za a haɗa lasifikar na yi wanka da wuri, na saka rigar Juma'a. Na shiga na ga hular a kan tebur, ba a jiƙa komai ba, mai tabarau ya fita waje yana danna waya. Dakta ta ce in zauna.

Ta ce, "Malam, yayanka ya zo."

Ya gaya masu wai tun da ciwon ya same ni kaina ya taɓu. Wai ina zama gindin itace ni kaɗai ido rufe ina gyaɗa kai, wai ina cewa ina ganin babanmu da ya rasu. Ya ce shi ne babban gida, kuma dangi ba su yarda a riƙa saka wa marar lafiya waya a kai ba. Ya yi maganar a natse, da ladabi, har ya yi masu addu'a.

Na ce, "Dakta, zaman gindin itacen wa ya sa ni?"

"Ni ce."

"Ke kin ga hauka a tare da ni?"

"Ban gani ba. Wallahi ban gani ba. Amma ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba. Ƙa'idar aikinmu ce, in dangi suka ce mutum ba ya cikin hankalin da zai yarda da kanshi, dole mu dakata. Kuma shi ne babba a gidanku, ba za mu take maganarshi ba."

"Ranar farko da babban gida kuka yi magana ko da ni? Kan wa kuke shafa wa miyar kuɓewa duk watannin nan?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce hanya biyu ce. Ko in je Katsina likitan ƙwaƙwalwa ya duba ni ya tabbatar lafiyata lau, ko shi wanda ya kawo maganar ya dawo da kanshi ya janye. Ta ce in hanzarta, don da damina ta zauna za su tattara su koma.

Ban ga laifinta sosai ba, amma ban gode mata ba. Sun zo da na'urar da ke jin abin da ke cikin kan mutum, sai ga shi babbar riga ta fi ta ƙarfi.

Katsina kuwa ba za ni ba. A garin nan in aka ga mutum ya shiga mota aka ce wajen likitan ƙwaƙwalwa za shi, ko ya dawo da shaida mai hatimi ya zama mahaukaci mai shaida. Kuma don me ni zan je in wanke kaina? Wanda ya watsa mani taɓo shi zai kawo ruwa.

Na koma gindin dalbejiya. Yanzu in na rufe ido sai in ji masu wucewa sun rage murya, wata ta ja ɗanta ta tsallaka hanya. Maganar ta riga ta fita. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari da yamma, iska na kawo ƙamshin ƙasa daga wajen Kurfi. Kowa na murna, ni ina jin kamar ana naɗe mani tabarma.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, ka je ka ba shi haƙuri. Yayanka ne, gaba yake da kai. In ka kwantar da kai zai je ya gyara."

Na ce, "Haƙurin me? Ya mare ni, in ce mashi sannu da hannu?"

"To in za ka je, don Allah kada ka je da gangar nan."

"Da ita za ni."

Ta yi faɗa, ta kira ni mai taurin kai, ta ce halin gidanmu ne duka, ni da shi ba a san wanda ya fi ba. Da ta gama, ita ta rataya mani gangar, don hannu ɗaya ba ya iya gyara maɗauri. Ta soka mani gula a aljihu ta koma wajen kaskonta ba ta ƙara kallona ba.

Ranar kasuwa ce. Mai keke ya sauke ni bakin layin 'yan hatsi, na ja ƙafa da sanda, ganga na dukan ƙuguna. Lokacin sayen iri ne, layin ya cika maƙil da mutanen ƙauye. 'Yan dako suka gan ni suka aje buhu. Ba wanda ya yi dariya. Alhaji na zaune kan darduma a ƙofar sitonshi, manyan 'yan hatsi kewaye da shi, ana shan fura. Na yi sallama, na gaida kowa yadda ya kamata, na gaishe shi da ƙarshe.

Ya dubi gangar, ya dube ni. Ya ce, "Lafiya? Mu shiga ciki."

Na ce, "A'a, Yaya. A gaban mutane ka yi taka, a gaban mutane zan yi tawa."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, a bi a hankali, ɗan'uwa ɗan'uwa ne." Na ce mashi na sani, shi ya sa na zo da ƙafata ban kai ƙara ko'ina ba. Na jingina sandata da buhun dawa, na zauna a kan wani, don ƙafar ba ta daɗewa a tsaye. Na ciro gula da hagu na ɗora a kan fatar ganga, ban buga ba. Sannan na dubi tsakiyar idonshi na ce:

"Yaya, ka je ka ce wa baƙi ni mahaukaci ne. To yau sai ka zaɓa, ga shaidu. In mai hankali ne ni, ka tashi yanzu, ba gobe ba, mu shiga keke ɗaya mu je bayan tasha, ka faɗa wa matar nan da bakinka cewa ƙarya ka yi don kana jin kunyar ubanka. Su saka mani hulata in ji abin da aka yi mani alkawari kafin ruwa ya kore su. In kuwa ka tsaya a kan mahaukaci ne ni, na karɓa. Mahaukaci ba ya jin kunya, ba ya jin lallashi, kuma ba a kai shi gaban alƙali. Nan zan riƙa zama kowace ranar kasuwa, a kan buhun nan naka, in buga takenka da hannun hagu, a karkace, ba daɗi, tun daga buɗe sito har rufewa. Duk wanda ya tambaya in ce mashi na Alhaji ne, babanshi ya ƙera mashi. A cikin kaina nike yi ba wanda ke ji, kai ka ce bai yi maka ba. To ga shi na fito da shi. Tashi mu tafi, ko in fara."